Tambaya: yawan ambato a Google Scholar shi ke nuna malamin da ya fi iya aiki?

Ummi_Lab:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin abun ku taimaka min da shawara. Na gama mastas ɗina a ɓangaren ilimin garkuwar jiki, yanzu ina neman sufabaiza na digirin digirgir kuma farfesoshi biyu ne a raina, dukansu sun ce in turo tsarin binciken da nake son yi su gani. To sai na shiga Google Scholar, inda ake tara takardun bincike ana ƙirga ambato, wato sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da su a rubutunsu, na duba shafin kowannensu. Na farkon ambaton da aka yi wa ayyukansa dubbai ne, ma'aunin h ɗinsa ya ninka na ɗayan, kusan duk wata sai ka ga sabuwar takarda da sunansa a ciki. Na biyun kuma aikinsa ya rabu biyu, rabi a kan garkuwar jikin yara da allurar rigakafi, rabi kuma a kan koyarwa ne wai yadda ake koyar da ɗaliban likitanci da yadda ake tsara musu jarrabawa, kuma waɗannan na koyarwar wasu da ƙyar aka ambace su. Ƙawata ta ce kar ma in ɓata lokacina in bi mai lamba kawai. Ni dai tambayata biyu ce, shi wannan h ɗin me yake aunawa takamaimai, sannan rubutun da malami ke yi a kan koyarwa rage masa daraja yake yi a matsayinsa na masanin kimiyya ko yaya abun yake?

Baban_Hanifa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Lissafin h ba wani abu ba ne mai wahala, wani masanin fiziks Jorge Hirsch na jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ne ya fito da shi a 2005. Idan aka ce h ɗin mutum 20 ne to yana da takardu 20 waɗanda kowacce an ambace ta aƙalla sau 20, shi ke nan. Ɗayan da kike gani a ƙasansa wato i10 na Google ne, yawan takardun da suka samu ambato 10 ko fiye. Kin ga ke nan h baya sauka, hawa kawai yake yi da shekaru, wanda ya daina shiga lab tun tuni ma nasa na iya ci gaba da ƙaruwa, kuma bai san wa ya yi aikin ba, in sunanki na 37 ne a cikin marubuta 60 ambaton ɗaya ne da na wanda ya kwana a kan na'ura.

Babbar matsalar kwatancen da kike yi ita ce fanni. Shi kansa Hirsch a takardar tasa ya faɗa cewa masu kimiyyar halittu lambobinsu sun fi na 'yan fiziks girma, ba don sun fi su ƙwaƙwalwa ba, kawai sun fi yawa ne kuma sun fi yawan rubutu da ambaton juna. Garkuwar jiki kam tana cikin fannonin da ambato ke zuba kamar me, mutane ne birjik a duniya suke aiki a kan ƙwayoyin T na garkuwar jiki da cutar kansa da rigakafi, takarda ɗaya ta jero madogara hamsin ko fiye. Binciken koyarwa kuwa masu yinsa ba su kai haka ba, a hankali ake ambato, da yawa littafi suke rubutawa ba maƙala ba, kuma waɗanda suka fi amfana da aikin malamai ne a aji waɗanda za su karanta su yi aiki da shi amma ba za su taɓa rubuta takardar da za su ambace shi ba. Kamar ki ƙirga masu shiga rumfar mai hatsi a Dawanau ne ki gwada da masu shiga shagon maƙerin zinare, ki ce wai mai hatsin ya fi iya sana'a.

Ki kuma duba su a Scopus, wani rumbun ƙirga ambato ne mai tace mujallu kamar Web of Science, in kina da hanya, domin Google Scholar komai kwashewa yake, kundin digiri, takardun taro, abun da ba a tace ba, shi ya sa lambarsa kusan kullum ta fi ta Scopus da Web of Science yawa.

Sarkin_Gardama:

Malam duk abun da ka faɗa gaskiya ne amma fa kar a yaudari yarinyar nan. Duniyar da muke ciki lamba ake kallo. Ranar da za ta nemi aikin bincike a Jamus ko Kanada ko ta nemi tallafin kuɗi, abu na farko da za su buɗe shi ne jerin takardunta da mujallun da suka fito, ba wanda zai tambaye ta ko sufabaizanta ya iya tsara jarrabawa. Ko a nan gida kwamitin ƙarin girma ƙirga takardu suke yi suna ba da maki, yanzu ma jami'o'i da dama sun fara cewa sai wanda ke cikin Scopus. Eh an yi sanarwar DORA a San Francisco a 2012 cewa a daina auna mutum da ma'aunin tasirin mujalla, jami'o'i da yawa sun sa hannu, to amma nawa ne suka canza a aikace? Lab ɗin da ke fitar da takarda duk wata yawanci akwai kuɗi a wurin, akwai abokan hulɗa a waje, ɗalibi na fita da takardu uku huɗu a hannu. Ni dai mai lambar zan bi wallahi.

Dr_Maman_Sadiq:

Sarkin gardama sunanka ya bi ka. Ban ce lamba banza ce ba, amma a fannin namu ɗin nan na garkuwar jiki ne ma aka fi samun misalan da lamba ta makara.

Katalin Karikó a 1995 jami'ar Pennsylvania ta rage mata matsayi saboda ta kasa samo kuɗin bincike a kan mRNA, wato saƙon da ke gaya wa ƙwayar halitta irin furotin da za ta haɗa. A 2005 ita da Drew Weissman suka fitar da takarda a mujallar Immunity suna nuna cewa in aka ɗan sauya wasu tubalan mRNA ɗin garkuwar jiki ba ta yi masa bore da kumburi, bayan mujallar Nature ta ƙi karɓar aikin. Shekaru takardar na zaune ba wani ɗoki da ake yi a kanta, sai da korona ta zo rigakafin Pfizer da BioNTech da na Moderna suka dogara a kan wannan dabarar, a 2023 aka ba su Nobel. Da ɗaliba ta duba shafin Karikó a 2008 ƙawarta cewa za ta yi kar ta ɓata lokaci.

Amma wanda ya fi kama da tambayarki Ummi shi ne Charles Janeway na jami'ar Yale. A 1989 ya kawo ra'ayin cewa garkuwar da aka haife mu da ita tana da na'urorin gane fasalin ƙwayoyin cuta, kuma su ne ke tada ɗaya garkuwar mai koyo, mutane suka yi biris da maganar na tsawon shekaru. Wani matashi Ruslan Medzhitov ya karanta takardar yana Mosko, ya nemi zuwa lab ɗinsa, a 1997 suka fitar da aikin Toll na ɗan adam a Nature, wato ɗaya daga cikin waɗannan na'urorin gane ƙwayoyin cuta. To shi wannan Janeway ɗin malamin aji ne na gaske, littafinsa na koyar da garkuwar jiki har yau ana buga shi da sunansa duk da ya rasu tun 2003, ƙila ma shi kika karanta a mastas. Dubban ɗaliban da suka fahimci fannin ta hanyar littafin ba a ƙirga su a h ɗin kowa.

Ɓangaren koyarwa ma ba wasa ba ne fa. Jarrabawar OSCE da ɗaliban likitanci da na jinya ke zagaya tasha-tasha suna yi, Ronald Harden da abokansa ne suka bayyana ta a mujallar BMJ a 1975, shi malamin jami'ar Dundee ne a Sikotilan. Takardar koyarwa ce amma ta canza yadda ake yaye likitoci a ƙasashe da yawa har da nan. Saboda haka amsar tambayarki ta biyu a'a ce, bai rage masa komai ba, sai dai ya raba lokacinsa gida biyu kuma ɗaya gidan ba ya tara ambato da sauri. Abun da ya kamata ki yi ki ware takardunsa na garkuwar jiki kaɗai ki gwada da na ɗayan, ki duba layin shekaru biyar na baya-bayan nan da Google ke nunawa a gefe ba jimilla ba, sannan ki duba tsarin sunaye. A fanninmu ɗalibin da ya yi aikin shi ne sunan farko, mai lab ɗin sunan ƙarshe. In kin ga farfesa kullum yana tsakiya to aikin wasu ne yake shiga, in kin ga shi ne kullum na farko kuma ba ɗalibi ko ɗaya a gaba, to ki yi tunani sosai.

Abba_Kwamfuta:

Aunty Dakta ta gama magana, ni kawai dariya zan ƙara muku. A 2024 wasu masu bin diddigin maguɗin bincike suka buɗe wa wata mage mai suna Larry shafi a Google Scholar, suka loda takardun shirme da sunanta da wasu kuma masu ambatonsu, mage ta samu h na 11 kafin Google ya goge ambaton 😂 Kuma ambato ba yabo ba ne kullum, takardar Andrew Wakefield ta 1998 da ta alaƙanta rigakafin ƙyanda na MMR da cutar otizim, mujallar Lancet ta janye ta a 2010 amma an ambace ta sau dubbai, da yawa masu ƙaryata ta ne. Takardar da ta fi kowacce ambato a jerin da Nature ta fitar a 2014 ma ta Lowry ce ta 1951 a kan yadda ake auna furotin, sama da 300,000, hanyar awo ce kawai da kowa ke buƙata. Ki danna kan ambaton mai lambar nan ki ga su waye ke ambatonsa, in shi ne da abokansa biyar suke ta juya abun a tsakaninsu za ki gane cikin minti kaɗan, Scopus ma na da wurin cire ambaton kai.

Ummi_Lab:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Aunty Dakta na koma na duba kamar yadda kika ce, na farkon mafi yawan ambatonsa daga manyan takardun haɗaka ne masu marubuta sama da ɗari da kuma takardun bita, nasa na lab ɗinsa ba su da yawa sosai amma akwai masu kyau a ciki. Na biyun shi ne sunan ƙarshe a kusan duk na garkuwar jikin, sunayen farko kuma suna canzawa, ina zaton ɗalibansa ne. Yanzu kam na ƙara rikicewa gaskiya don maganar Sarkin gardama ta abokan hulɗa a waje ma tana raina.

Dr_Maman_Sadiq:

Maganarsa na kan hanya, shiga takardun haɗaka na nufin yana da mutane a waje kuma hakan na iya buɗe miki ƙofa. Amma sauran bayanin ba a intanet yake ba ɗiyata. Waɗancan sunayen farkon da kika gani ki nemi biyu ko uku daga kowane ɓangare ki kira su, ki tambaya shekara nawa suka yi kafin su gama, in an kai masa babi wata nawa yake yi kafin ya dawo da shi, kuma wa ya sayi kayan gwaji, don kit ɗin ELISA kaɗai, wato kayan gwajin auna furotin a cikin samfur, in daga aljihunki ne zai iya cinye kuɗin shekara. Sannan ki je lab ɗin da ƙafarki ki ga firizar da ke ajiye samfur a ƙasa da sifiri da digiri 80 tana aiki ko a'a, in an ɗauke wuta akwai sola ko janareto da ke riƙe ta, na'urar ƙirga ƙwayoyin jini tasu ce ko sai an tura samfur wani gari. Ki tambayi kowannensu kai tsaye wane tallafi ne zai ɗauki nauyin aikinki, na TETFund ne, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ko na waje, kuma yaushe zai ƙare.

Sarkin_Gardama:

Maganar firiza kam na sallama Aunty. Ummi in kin je ki dawo ki faɗa mana ta wa ke aiki.