Muhawara: Shin Vitalia Diatchenko ta ci ribar wasan tanis, ko ƙuruciyarta ta tafi a banza?

Malamin motsa jiki: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne, 'yar wasan tanis da ta kwashe mafi yawan shekarunta tana yawo a ƙananan gasa ba ta ci nasara a sana'arta ba, kuma misalina Vitalia Diatchenko ce, 'yar Rasha da aka haifa a Sochi a 1990. Matsayi mafi girma da ta taɓa kaiwa a jerin gwanayen duniya shi ne na 71, a 2014, kuma ba ta taɓa wuce zagaye na uku ba a manyan gasa huɗu na duniya, irin su Wimbledon ta Landan da US Open. Da ta sa wannan ƙarfin a karatu ko horar da yara tun da wuri, da ta fi amfana.

Hajiya mai shago: Wa'alaikumus salam. Malam, ban yarda da ma'aunin da ka ɗauka ba. Binciken da hukumar tanis ta duniya, ITF, ta yi a kan shekarar 2013 ya nuna cewa mata dubu huɗu da ɗoriya ne suka buga gasannin ƙwararru a shekarar, saboda haka wadda ta kai na 71 ta sha gaban kusan dukkansu. A Wimbledon ta 2018 kuwa, ta hanyar wasannin share fage ta shigo tana matsayi na 132, amma ta fitar da fitacciyar 'yar wasa Maria Sharapova a zagayen farko da ci 6-7, 7-6, 6-4, ta kuma doke Sofia Kenin, kafin Jelena Ostapenko ta tsayar da ita. Ta kuma ɗauki kofin gasar Taipei sau biyu, a 2014 da 2019. Wace ma'ana ce ta gazawa za ta haɗa da wannan?

Malamin motsa jiki: Hajiya, binciken da kika ambata ni yake goyon baya. Shi ne ya nuna cewa daga matsayi na 253 zuwa ƙasa, abin da mace take samu ba ya biyan abin da take kashewa, wanda ya kai kimanin dala 40,000 a shekara, ban da ladan mai horarwa. A gasa mafi ƙanƙanta, mai jimillar kyautar dala 15,000, wadda ta lashe kofin ma ba ta samun dala 2,500, kuma daga ciki za ta biya jirgi da masauki da gyaran raket. Nasarar mako ɗaya a Landan ba ta cike giɓin shekarun da aka yi ana zarya tsakanin ƙananan filaye.

Wani ɗalibi: Malam da Hajiya, ku yi mini izini in shigo da abin da ya fi damuna. A gasar US Open ta 2015 ta fito karawa da Serena Williams alhali tana da rauni a ƙafa, aka ci ta 6-0, 2-0 cikin kimanin rabin awa, sannan ta janye, ta karɓi dala 39,500 na zagayen farko. Akwai lafiyayyun 'yan wasa da suka faɗi a share fage suna jiran gurbi. A ganina wannan tauye haƙƙin wasu ne, kuma ya rage mata daraja a idona.

Baba, tsohon ma'aikacin banki: Ɗana, ka taɓo inda maganar take, amma ka ɗora laifin a kan wadda ba ta tsara dokar ba. Ka duba lambobin nan biyu da kyau: dala 39,500 na faɗuwa a zagayen farko, da kimanin dala 40,000 na ɗawainiyar shekara guda. Wato fitowa fili a wannan daren kaɗai ya kusa biyan kuɗin shekararta, kuma gurbin ba kyauta aka ba ta ba, makin da ta tara wata da watanni ne ya kai ta. A lokacin, wanda ya janye kafin wasa ba ya samun ko kwabo. Masu shirya manyan gasa da kansu sun gane cewa tsarin ne yake tura masu rauni fili, shi ya sa daga 2018 suka mayar da shi cewa mai rauni da ya janye a wurin gasa zai karɓi rabin kuɗin, wanda ya maye gurbinsa ya karɓi rabi. Da dokar ta kasance haka tun 2015, ina kyautata zaton ba za mu ga wancan wasan ba.

Amsata ga Malam ma daga nan take. Ka tabbatar mana cewa ƙananan gasa ba sa biyan 'yan wasa, kuma na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Sai dai abin da hujjarka ta nuna shi ne rabon kuɗin wasan bai yi adalci ba. Ba ta nuna cewa yarinyar ta gaza ba. Waɗannan maganganu biyu ne daban.

Hajiya mai shago: Baba ya yi gaskiya, kuma a kan 'yan Rasha akwai ƙarin nauyi tun daga Maris na 2022, lokacin da aka dakatar da hukumar tanis ta ƙasarsu saboda yaƙin Yukiren, aka bar su suna wasa ba tare da tuta ba, Wimbledon kuma ta hana su shiga a shekarar. A Afrilun 2023 kamfanin jirgin LOT na Poland ya hana ita Diatchenko hawa jirgi a Alƙahira saboda fasfonta, tana kan hanyar zuwa gasa a tsibirin Kosika. Babbar tauraruwa tana da masu shirya mata wata hanya nan take, ita kuwa tikitin da ya ƙone daga aljihunta ya fita.

Malamin motsa jiki: Baba, na karɓi bambancin da ka kawo, amma ban sauka daga matsayina gaba ɗaya ba. Elena Rybakina, haifaffiyar Mosko, ta koma buga wa Kazakistan a 2018 saboda tallafin da aka yi mata alkawari, ta lashe Wimbledon a 2022. Hanya tana nan ga mai neman ta.

Baba, tsohon ma'aikacin banki: Malam, Rybakina tana da shekara 19 sa'ad da aka neme ta, kuma ƙasashe masu kuɗi matashiya suke zawarci, wadda suke hasashen za ta kawo musu kofi nan gaba. A 2022 Diatchenko ta haura talatin, da tarihin raunuka a bayanta. Ka faɗa mana wace hukuma ce za ta buɗe mata wannan ƙofar, sai mu ci gaba daga nan.