Wai baƙin koto ne kaɗai ke kama babban kifin bas da dare?

Baban Ummi: Salamu alaikum 'yan zaure. Ga magana na kawo, kuma ba zan janye ta ba: in dare ya yi, duk wanda ya ɗaura wa fatsarsa koton roba da ba baƙi ba, shan iska ya fito, ba su ba. Daren Asabar na shiga tafkin Fork a nan Teksas bayan isha'i, ni da wani maƙwabcina. Na ɗaura baƙin koto mai faranti ɗaya, wato ɗan ƙarfen da ke juyawa in ana jan koton, shi ya ɗaura fari. Kafin asuba na ɗaga bas uku, kifin nan da Amurkawa ke kira bass, babban ya haura kilo 3. Shi ko cizo bai samu ba. Dalilin a fili yake: kifi daga ƙasa yake kallon sama, sama kuwa ko ba wata ta fi ruwa haske, to baƙin abu ne ke fitowa ɓaro-ɓaro a idonsa.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Yaya, kafin mu tafi da nisa, a wane zurfi kake jan koton?

Baban Ummi: Wajen mita 5 zuwa 6, a bakin ciyawar ruwan da ake kira haidirila, inda ta yanke ruwan ya zurma.

Injiniya: To ai ka rushe hujjarka da bakinka. Zancen inuwa a kan hasken sama gaskiya ne, amma na koton da ke tafiya a saman ruwa ne, irin Jitterbug ɗin nan da Amurkawa suke jefawa da dare tun zamanin kakanninsu. Shi kam kifi ta ƙasa yake hango shi. Naka kuwa yana mita 6, yana gogar kan ciyawa, kifin yana gefensa ko ma ya ɗan fi shi sama. Me ke bayan koton a idon kifin? Duhu da ganye. Babu wata sama a wurin. Abin da ya jawo maka kifin shi ne farantin nan mai faɗi da ke juyawa yana dukan ruwa. Bas yana da wani layi a gefen jikinsa, daga bayan kai har wutsiya, da shi yake jin motsin ruwa ko da bai ga komai ba. Ka tambayi maƙwabcin naka wane irin faranti ne a nasa.

Baban Ummi: Sirara guda biyu, masu kama da ganyen turare.

Injiniya: Shi ke nan. Waɗannan na ƙyalli ne, don rana aka yi su, bugunsu kaɗan ne. Ba fari da baƙi kuka gwada ba, ganga da tafi kuka gwada.

Kawu na Yauri: Ku dakata, 'ya'yana. Ni tun ɗazu ina karantawa ina dariya. Wato ku shiga jirgi mai inji, ku sayi roba da daloli, ku kwana a ruwa kuna gardamar launinta? Mu a nan in ana son giwan ruwa, 'yar karfasa mai rai ake soka wa ƙugiya ta baya, a sake ta a bakin burugu tana mutsu-mutsu. Ita za ta yi bugun, ita za ta yi warin, ita za ta yi launin. Babban kifi bai girma da wauta ba. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Autan Zaure: Kawu, ranka ya daɗe, kana da shaidu ma ba ka sani ba. Bas mafi girma da aka rubuta a tarihin Teksas a wannan tafkin na Fork aka kama shi, a Janairun 1992. Barry St. Clair ne ya kama, nauyinsa ya ɗan haura kilo 8, kuma da ɗan kifi mai rai, yana neman wani ƙaramin kifi daban ma. Haka wanda Manabu Kurita ya kama a tafkin Biwa na Japan a 2009, mai kilo 10 da 'yan kai, wanda ya yi kunnen doki da bajintar duniya, shi ma kifi mai rai ya haɗiya.

Kawu na Yauri: Kilo 10 ne na ɗaya a duk duniya? Auta, giwan ruwa mai kilo 10 ai yaye shi ma ba a yi ba. A Argungu wanda ya fito da irinsa ko kallonsa ba za a yi ba.

Baban Ummi: Kawu, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Auta kuma ka karanto rabi ka bar rabi. Wanda Kurita ya yi kunnen doki da shi fa? George Perry, a jihar Jojiya, 1932, da koton katako ya kama nasa, kuma shekara 77 ba wanda ya kamo shi. A Fork ɗin ma, macen bas ɗin nan da suka raɗa wa suna Ethel, wadda aka buɗe shirin ShareLunker na hayayyafar manyan bas a Teksas da ita a 1986, jig ta ciza, wato ƙugiya mai kan dalma da gashi, ba mai rai ba. Sannan Perry da Kurita duk da rana suka yi kamunsu. Mu zancen dare muke.

Injiniya: A nan ina bayan Yaya. Kawu, abin da ke hana mu sa mai rai a cikin haidirila ba girman kai ba ne. Ciyawar nan ba kamar burugu ko bado ba ce da ke da fili a ƙarƙashi. Daga ƙasa take tasowa kamar gashi, ta cika ruwa, ta shimfiɗa tabarma a sama. Daga Asiya aka kai ta Fulorida don ƙawata kwalaben kiwon kifi na cikin gida, ta kuɓuce ta mamaye tafkunan kudancin Amurka. Ka saki ɗan kifi mai rai a bakinta, abu na farko da zai yi shi ne ya nutsa ciki ya ɓuya, ya naɗe maka zare. In bai ɓuya ba, tarwaɗar can ko kififiya ta riga bas zuwa. Ga shi bas yakan haɗiye mai rai har ciki, ƙugiya ta kama maƙogwaro, in ka sake shi da wuya ya rayu. A manyan gasanni ma an hana.

Maman Sadik: Ku tsaya. "In ka sake shi" kamar yaya? Baban Ummi, ukun nan da ka ɗaga ina suke?

Baban Ummi: Hajiya, sun koma gida. A Fork doka ce, duk bas da tsawonsa ya faɗa tsakanin inci 16 da 24 sai ka mayar da shi. Biyu sun faɗa ciki, na ukun ƙarami ne, na ji kunyar kai shi gaban Maman Ummi.

Maman Sadik: Allah ya ba ta haƙuri. Miji ya kwana a ruwa, da safe a soya ƙwai.

Injiniya: Bari in koma kan launin, don ban gama da Yaya ba. Ni a ganina, a ruwa mai zurfi da ciyawa, tambaya ta farko ita ce: koton zai ratsa ya fito ba tare da ya kwaso ganye ba? Da rana in ya kwaso za ka gani ka cire. Da dare sai ka yi jifa biyar kana jan ɗanyen ganye ba ka sani ba, kuma bas ba ya cizon abin da ke jan ciyawa a baya. Shi ya sa Jitterbug da duk mai ƙugiya uku-uku ba su da aiki a wurin, sai a fili ko a saman ciyawar da ba ta kai sama ba. Ni abin da nake ɗaurawa tanar roba ce mai inci 10, mai wutsiya kamar kirtani, da dalma mai tsinin harsashi a gaba, a nutsa bakin ƙugiyar cikin jikin robar yadda ba abin da zai kama. Ko jig mai gashin kariya a gaban ƙugiya, da 'yan duwatsu a ciki masu kacau-kacau. Zare kuma saƙaƙƙe mai ɗaukar laba 50 ko 65, don shi ne ke yanka ciyawa in kifi ya shige da kai. Bayan wannan sai nauyi. Mai faranti in bai kai giram 21 zuwa 28 ba, farantin zai riƙa ɗaga shi sama, ka zaci kana mita 6 alhali kana mita 2. Sai kuma haƙurin ja a hankali, har ka ji bugun farantin a tafin hannunka ɗaya bayan ɗaya. Launi can ƙarshen layi yake.

Baban Ummi: To ita tanar taka wane launi ce?

Injiniya: Baƙa mai ratsin shuɗi.

Baban Ummi: Jama'a ku shaida.

Injiniya: Na san nan za ka. Ita na saya don ita ce a kanti. Ka shiga duk shagon kayan su, ka nemi mai faranti da aka rubuta na dare ne, kusan duk baƙi za ka tarar. Kowa baƙi yake jefawa, saboda haka kowane kifin dare da baƙi aka kama shi, sai a ce baƙin ne ya yi aiki. Wa ya taɓa kwana yana jefa fari mai faffaɗan faranti balle a kwatanta? Akwai ma tsofaffin masunta a can da ke sauyawa zuwa fari ko mai haske in wata ya cika, ko a kusa da fitilun mashigar jirage, kuma suna kamawa.

Autan Zaure: Ni abin da ban gane ba, me ya sa sai bakin ciyawar? Tunda a ciki suke ɓuya, ba gara a jefa tsakiya ba?

Injiniya: Da rana haka ne, Auta, ana huda tabarmar da dalma mai nauyi. Da dare lissafin ya juya. Ciyawa da rana take ba ruwa iska, in rana ta faɗi ita ma shaƙa take yi. A tsakiyar mai kauri, lokacin zafi, iskar tana raguwa har zuwa asuba, sai manya su fito gefe ko su hau samanta suna farauta. Ƙasa can sosai kuma ba sa sauka, don a watannin zafi ruwan tafki yakan rabu biyu, na sama mai ɗumi da iska, na ƙasa mai sanyi da ƙarancinta. To an matse su a tsakani. In ka sami bakin ciyawar da ya yi daidai da wannan tsakanin, ka sami kifi. Yaya wurin ya dace da shi, yake yaba wa fenti.

Kawu na Yauri: Wannan kam gaskiya ne, ko a nan bakin ciyawa ake ɗana mamari, ba tsakiya ba. Amma har yanzu ban ji wanda ya amsa mini wari ba. Roba tana da wari?

Baban Ummi: Suna zuba mata gishiri da tafarnuwa, Kawu.

Kawu na Yauri: Tafarnuwa. Saura daddawa.

Baban Ummi: Injiniya, gani ya kori ji. Juma'a mai zuwa ba wata. Zan sayi masu faranti biyu iri ɗaya, nauyi ɗaya, faranti ɗaya, in sauya wa guda siket, wato gashin robar da ke rufe ƙugiya, zuwa fari. Ka zo daga Hustan mu shiga jirgi ɗaya, duk bayan awa mu yi musaya.

Injiniya: Dare ɗaya ba ya yanke hukunci, kifi uku ko huɗu sa'a ma tana kawo su. Kuma wanda ke gaban jirgi shi ke fara jefawa a sabon wuri, sai mu riƙa musayar wurin zama ma. In ka yarda da dare huɗu, biyu a duhu biyu a farin wata, zan zo. Man mota naka ne.

Baban Ummi: Na yarda da huɗun. Man mota kuma wanda ya faɗi ya biya.

Maman Sadik: Ko ma wa ya ci, a samo guda ɗan ƙasa da inci 16 a kai wa Maman Ummi.