Neman shawara: yaya ake zaɓen ritirakta a tiyatar ciki?

Ɗalibar aikin jinya: Assalamu alaikum malamai. Ina koyon shirya tiren kayan tiyata. Ƙarafan da ake janye fata da tsoka da su don likita ya ga wurin aiki, wato ritirakta, suna da yawa, kuma suna rikita ni. Wanne ake miƙawa a wane mataki? An kuma ce ritiraktar Balfour, wadda ke riƙe ciki a buɗe, na iya kashe ƙafar majinyaciya bayan cire mahaifa. Ta yaya?

Nas ɗin ɗakin tiyata: Wa alaikumussalam ƙanwata. Ki bi zurfin yanka. A fata da kitse, Senn ko Langenbeck sun isa. Idan an kai tsoka, ki miƙa Army-Navy ko Morris. Da an shiga cikin ciki sai Deaver, mai faɗi da lanƙwasa, don ɗaga hanta ko kawar da hanji. A tiyatar haihuwa, Doyen ce ke danne mafitsara ƙasa, kuma ana zare ta kafin a fito da kan jariri. Duk waɗannan mataimaki ke riƙewa. Weitlaner da Balfour kuwa makulli gare su, su ke riƙe kansu a buɗe. Ritirakta mai haƙora masu kaifi ba ta kusantar hanji ko jijiyar jini.

Likitan mata: Sista ta faɗi daidai. Batun ƙafa gaskiya ne, kuma abin takaici ne domin ana iya kauce masa. Jijiyar da ke motsa gaban cinya tana ratsa tsokar sowas, a gefen ƙashin ƙugu ta ciki. Idan fukafukan Balfour na gefe, wato ƙarafan da ke kama bangon ciki, sun yi tsawo, bakinsu yana sauka kan tsokar ya matse jijiyar. Hannun mataimaki yana gajiya ya sassauta, ƙarfe kuwa yana nan yadda aka ɗaure shi har a gama. Majinyaciya ta farfaɗo ta kasa miƙe gwiwa, gaban cinya ya yi sanyi kamar ba nata ba. Siririyar mace, yankan kwance a ƙasan mara, da aikin da ya daɗe, su suka fi haɗari.

Ga abin yi: a ɗauki fiffike mafi gajarta da zai kama bangon ciki kawai. Bayan an buɗe, likita ya zura yatsa tsakanin bakin fiffiken da tsokar. Idan yatsa bai shiga ba, a canza. A shimfiɗa ƙyallen tiyata jiƙaƙƙe da ruwan gishiri mai ɗumi a ƙarƙashi, a tabbatar hanji bai maƙale ba, a riƙa sassautawa lokaci-lokaci. Kada kowa ya jingina da ƙarfen. Yawanci ƙafar na dawowa cikin makonni ko watanni da gashin ƙashi, amma ba kullum ba.

Mai kula da tsabtace kayan aiki: Ƙari kaɗan, 'yata. Balfour tana da noti da fiffiken tsakiya da ake iya cirewa. Ki ƙirga su da babbar murya kafin yanka da kafin rufe ciki, domin noti na iya faɗawa ciki. Wajen wanki a kwance ta gunduwa-gunduwa, a goge haƙoran makulli da buroshi, jini na ɓuya a nan. Ta shiga otokilab, na'urar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, a buɗe: digiri 134 na ma'aunin Celsius na aƙalla minti 3, ko 121 na aƙalla minti 15. Wadda makullinta ke zamewa, ki ware ta don gyara, kada ta koma tire.