Wai waye Nick Saban ɗin nan da ake haɗa shi da Ferguson?

Ɗan_Tamina: Salam 'yan uwa. Jiya a gidan kallo a Bauchi Road wani ƙanin abokina da ya dawo daga karatu Amurka ya ce wai akwai kocin ƙwallon jami'a da ya fi Ferguson, Nick Saban, saura kaɗan 'yan Man U su cinye shi ɗanye. Ni abin da ya ɗaure min kai kocin ɗalibai ne fa, kamar a ce mai horar da 'yan Unijos zuwa NUGA, ta ina aka haɗa? Dan Allah wanda ya sani ya warware min.

Baban_Ilham: Wslm. Malam ka cire NUGA a ranka tukuna. Ba irin ƙwallonmu ba ce, waccan ce ta hannu da hular kwano, kuma a can ƙwallon jami'a harka ce ta manyan kuɗi, filin jami'ar Alabama kaɗai yana cin mutum wajen dubu 100, albashin Saban kafin ya ajiye ya haura dala miliyan 11 a shekara. Kofin ƙasa 7 ya ci, ɗaya da jami'ar LSU a 2003, shida da Alabama, 2009, 2011, 2012, 2015, 2017 da 2020, da haka ya wuce tsohon kocin Alabama Bear Bryant mai 6. Amma ni ba kofunan ne ke burge ni ba. Ferguson ya riƙe Giggs sama da shekara 20, shi ko Saban yaro shekara uku ko huɗu zai yi ya wuce NFL, gasar ƙwararru, kullum sai ya koma gida gida yana lallashin iyaye su ba shi 'ya'yansu 'yan sakandare ya sake gini daga tushe, haka ya yi tun 2007 har 2023 ƙungiyar ba ta taɓa zubewa ba in ka cire shekarar farko.

Sarkin_Musu: Baban Ilham ka faɗi rabi ka bar rabi. Me ya sa ba ka ce ya je ƙungiyar Miami Dolphins ta NFL ba? Shekara biyu, ya ci 15 aka ci shi 17, da ya haɗu da ƙarti masu albashinsu da ba a yi musu tsawa sai ya tattara. Kuma da bakinsa ya ce wa 'yan jarida ba zai koma Alabama ba, ko wata ba a yi ba sai ga shi can. A wajena gwanin yara ne kawai.

Ummu_Sadiq: Haba Sarkin Musu, gwanin yara? Koci Kirby Smart da ya ci kofi biyu a jere da jami'ar Georgia a hannun Saban ya koyi aiki fa. Ni yayana ne ya koya min kallon abin nan, ba zan manta wasan ƙarshe na Janairun 2018 ba, ƙarfe biyun dare aka fara, sanyin Jos kamar zai tsaga ƙashi muna ƙudundune cikin bargo da shayi a filas ga data na ta zuƙewa. Aka tafi hutun rabin lokaci Georgia na da 13 Alabama ko ɗaya babu, kawai Saban ya zaunar da mai cilla musu ƙwallo Jalen Hurts da ya kawo su har wajen, ya sako Tua ɗan aji ɗaya. Yaya ya ce wlh tsohon nan ya zare. A ƙarin lokaci aka kayar da Tua can baya muka ce shikenan, bugu na gaba ya cilla wa DeVonta Smith, Alabama ta ci 26 da 23. Ihun da muka yi sai da Baba ya leƙo daga hanyar masallaci.

Ɗan_Tamina: Tabɗi. To me ya sa ya bari yana kan ganiyarsa?

Baban_Ilham: Shekara 72 fa, ga shi tun 2021 an ba ɗalibai damar karɓar kuɗin talla da sauya makaranta cikin sauƙi, ka zaunar da yaro a benci yau gobe ya koma wata jami'ar. Jami'ar Michigan ta fitar da su ranar 1 ga Janairun 2024, ranar 10 ya ajiye, yanzu sharhi yake a tashar ESPN.

Sarkin_Musu: To ka ji. Da yaran suka samu kuɗi ai ga shi ya sake tattarawa.