Me za mu kira wannan sana'ar ta bin tsuntsaye da ido?

Jama'a, assalamu alaikum. Makon jiya na yi cigiyar kalmar Hausa da za ta maye abin da Turawa ke kira birdwatching, wato mutum ya fita takanas don ya ga tsuntsaye, ya gane su, ya rubuta sunayensu, in da hali ya ɗauki hoto. Na sha amsoshi, har da na dariya. Ga inda muka kwana.

Abin da ya tayar da maganar shi ne zuwanmu Dagona, can wajen Gashuwa a jihar Yobe, cikin hunturu, ni da uwargida da yara. Wurin yana cikin dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen Turai ke saukowa su yi sanyi bayan sun ƙetare Sahara. Muna tsaye bakin ruwa da hantsi, kirinjijiya ta tashi garke guda tana fito, na ɗaga kyamara. Sai wani dattijo masunci da ke gyaran koma ya dube ni, ya dubi jakata, ya ce, "Yaro, ina bindigar?" Na ce, "Baba, ba harbi muka zo ba." Ya ce, "To me kuka zo yi?" Wallahi na buɗe baki na rasa kalma guda da zan ba shi. Sai kame-kame.

Mafi yawanku kun ce kallon tsuntsaye, kuma ba laifi, kowa zai gane. Damuwata da kallo ita ce ɗan kallo ba ya da aiki. Shi ne wanda ke tsaye a gefen dambe hannu a aljihu. Mai wannan harka kuwa sammako yake yi, ya tsaya rabin awa kan tsuntsu ɗaya yana duba launin baki, tsawon ƙafa, yadda yake kaɗa jela, har sai ya tabbatar wane iri ne cikin fiye da 900 da ake da su a Nijeriya. In na ce wa dattijon nan kallo na zo yi tun daga Kano, zai ɗauka zaman banza ya ishe ni.

Duban tsuntsaye ya faɗi tun kafin ya tashi. Kawuna ya ce in ka ce kai mai duba ne, gobe mata za su yi maka layi da ƙasa a faranti. Leƙe ma haka, ƙanshin leƙen asiri yake yi, kuma mutumin da ke yawo da madubi da doguwar kyamara a zamanin nan ba ya bukatar ƙarin abin zargi.

Nazarin tsuntsaye kalma ce mai kyau, amma tana da masu ita. A bar wa mutanen cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos, waɗanda ke kama tsuntsu su auna shi, su sa masa zobe a ƙafa, su sake shi, su rubuta kundin digiri. 'Yata mai shekara tara da ke ƙirga balbela a bayan shanu ba nazari take yi ba tukuna.

Wani malamina ya kawo kiwon tsuntsaye, ya kafa hujja da kiwon lafiya, wai asalin kiwo sa ido ne a kan abu. Malam, Allah ya ƙara sani, hujjar ta zauna, amma kasuwa ta riga mu. Duk wanda ya ji sai ya tambaye ka nawa ne tattabara biyu.

Wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce farautar ido, har na kwana biyu ina juya ta. Tana da daɗin faɗi, kuma ga 'yar uwarta farautar hoto a shirye. Amma ku tuna yadda farauta take a wurinmu: gayya ce, da karnuka, da gora, da kiɗa, da ihu. Babu tsuntsun da zai tsaya. Wanda muka yi kama da shi maharbi ne, mai fita shi kaɗai, mai lura da inda iska ke kaɗawa, wanda a da yake ɗaura kan burtu a goshi ya duƙa yana tafiyar tsuntsu har ya kusanci nama. Aikinsa sanɗa ne. Na so in ce mu 'yan sanɗa ne, sai na tuna rabin wayoyinmu ba su da ɗ mai lanƙwasa. Ranar da aka rubuta "taron 'yan sanda a bakin tafki ƙarfe shida" ba wanda zai zo.

To ni dai na tsaya a kan hangen tsuntsaye. Dalilina na farko, hange yana ɗauke da tazara, kuma tazarar ce ladabin abin gaba ɗaya: ba ka taɓawa, ba ka matsa wa sheƙa, ba ka jifa don ya tashi ka samu hoto. An ce hangen Dala ba shiga birni ba, to mu Dalar muka zo gani, ba ruwanmu da shiga. Na biyu, kalmar tana haihuwa. Abin nan mai ido biyu da ake karawa a fuska, irin mai lamba 8x42 da ke jawo abu kusa har ninki takwas, ya zama madubin hange, an huta da doguwar jimlar tabarau mai hangen nesa. Rumfa ko tudun da ake laɓewa ya zama mahanga. Mu kuma 'yan hange, ko masu hangen tsuntsaye in ana son a cika.

Na san ƙorafin da za a yi, yayata ta riga ta yi shi: kurciyar da ke kan katangar gida ai ba hango ta ake yi ba. Gaskiya ne, yaya, a nan kallo ya fi dacewa, ban kuma ce a kore shi ba. Amma ko shamuwa, da take zuwa ta yi sheƙa a tsakiyar gari gab da faɗuwar damina, ai cewa ake yi an hango ta, daga nan manomi ya fara neman iri.

Saura guda da ta gagare ni. Turawan suna da kalma ta musamman ga tsuntsun da ka gani karon farko a rayuwarka. Ɗana ya ce a kira shi ɗan fari, uwarsa ta ce ba a gidanta ba. Wanda ke da wata ya kawo.