Babur mai batir: waɗanda suka riƙe shi, me kuka gani?

Mai buɗe zance:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'ar babur. Wani kamfani ya shigo mana da babura masu aiki da batir, kuma wakilansa sun zo ƙungiyarmu suna neman mu karɓa mu riƙa biya kaɗan-kaɗan. Bayaninsu ya yi daɗi a kunne, amma mai talla ba ya kushe hajarsa, shi ya sa nake roƙon duk wanda ya taɓa tuƙa irin wannan babur, ko ya gyara shi, ko aka goya shi a kai, ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa. Da babur nake ciyar da iyalina, saboda haka ba zan rabu da mai shan fetur ɗin da ke hannuna ba sai na ji daga bakin waɗanda suka riga ni.

Ɗan achaba da ke aiki da shi yanzu:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wata takwas ke nan ina kansa, kuma ranar farko ba zan manta da ita ba. Na murɗa totur kamar yadda hannuna ya saba, sai babur ya zabura har fasinjan da na goya ya cafke rigata, domin injin lantarki yana ba da ƙarfinsa tun daga tashi, babu giya babu kuloci da za su jinkirta shi. Da na tsaya a danja kuma na ɗauka ya mutu, saboda ban ji ƙugi ko girgiza a ƙarƙashina ba. Wannan shirun yana da daɗi, amma yana da haɗari. A makon farko wani dattijo ya sako ƙafa kan titi bai waiwayo ba, don kunnensa bai ji komai ba, da kyar na kauce masa. Tun daga ranar babban yatsana ba ya nisa da ham.

Ta fuskar kashe kuɗi, na huta da juyen baƙin mai, da canjin fulogi, da wanke kafireta. Batirin kuwa ba nawa ba ne, na kamfani ne: idan ya yi ƙasa sai in shiga tasharsu, a zare shi a saka mini cikakke, in biya kuɗin cajin, cikin 'yan mintoci na koma bakin aiki. Abin da ya sauya mini sana'a shi ne, yanzu tashoshin nan su ke yanke mini iyakar inda zan je. Idan fasinja ya ambaci wuri mai nisa, kafin mu yi ciniki sai na fara duba abin da ya rage a batir, kuma sau da yawa nakan ba shi haƙuri ina kallo wani ya ɗauke shi.

Wanda ya karɓa ya mayar:

Ni irin wanda ake yi wa caji a gida na karɓa, kuma ban kai wata uku da shi ba. Cajinsa yana cin awoyi, don haka da dare nake jona shi, ranar da aka ɗauke wuta kuwa na san gobe babu aiki. Nisan da aka ce yana yi a caji ɗaya ban taɓa samunsa ba, sai daga baya na fahimci cewa an auna shi ne da mutum ɗaya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, alhali ni kaya nake ɗauka, ga hawa, ga gudu, kuma duk waɗannan suna zuƙe batir. Wata rana ya ƙare mini da kaya a baya. Da mai fetur ne, da na jingine shi na je na samo mai a gora na dawo, amma wannan sai turawa na yi har gida. Ban ga laifin babur ɗin kansa ba, domin tuƙinsa ya fi na da daɗi nesa ba kusa ba. An dai kawo shi ne kafin a tanadi abin da zai riƙe shi.

Bakanike:

Na daɗe ina gyaran babur, kuma an kawo mini irin waɗannan sau da dama. Birki da taya da fitila duk aikinmu ne na kullum. Inda hannuna ya tsaya shi ne akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji, da kuma na'urar da ke cikin batirin mai lura da zafinsa, wadda ke yanke wuta idan ta ga haɗari. Waɗannan ba a gano ciwonsu da kunne, sai an jona kwamfuta, kuma kamfanin bai sakar mana kayan gyaransu ba. Shawarata ga masu shi ita ce, kada a bar batir a cikin rana, kada a jona shi yana da zafi, kada a yi masa amfani da cajar da ba tasa ba, kuma kada a kutsa da shi cikin ruwa mai zurfi, domin zafi yana rage kwanan batirin litiyam, wutarsa kuma idan ta kama tana da wuyar kashewa. Ba zan ɓoye muku ba, rabin abincinmu daga gyaran inji yake fitowa, saboda haka muna so a koya mana wannan sabon aikin, kada a bar mu a baya.

Mai hawa kullum zuwa wurin aiki:

Ku gafarce ni, malamai, ni fasinja ce. Ina da tabo a ƙwaurina na ƙunar salansa, shi ya sa idan na ga mai batir shi nake tsayarwa. Babu hayaƙi, kuma ina iya amsa waya a kansa a ji ni sarai. Sau ɗaya dai aka biya da ni tashar canjin batir muka tarar da layi, na makara.

Sakataren wata ƙungiyar masu babura:

Kafin mu sa hannu a tamu yarjejeniyar na bi diddigin wuraren da abin ya karɓu. A Taiwan kamfanin Gogoro ya fara da tashoshin canjin batir tun 2015, a Kigali kuma kamfanin Ampersand ya sa baburansa a hannun masu ɗaukar fasinja a 2019, har ta kai gwamnatin Ruwanda ta daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista a birnin daga Janairun 2025. A duka wuraren biyu, babur da tasha tare suka zo.

Abu biyu ne suka ba mu wahala a namu ɓangaren, kuma ina so kai mai buɗe zance ka tambayi wakilan kamfanin a kansu a gaban jama'a. Na farko, batirin wani kamfani ba ya shiga babur ɗin wani, wato ranar da kamfanin ya rufe tashar da ke kusa da kai, ko ya ƙara kuɗin caji, ba ka da inda za ka juya. Na biyu, suna iya kashe babur daga ofishinsu. Wani ɗan ƙungiyarmu ya kwanta jinya ya yi jinkirin biya, da ya warke ya fito babur ya ƙi tashi, ga shi kuwa da shi ne zai nemo kuɗin da ake binsa. Sai da muka yi zama biyu kafin aka rubuta mana kwanakin uzuri a cikin takardar.

Mai buɗe zance:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na rubuta tambayoyin tasha, da kayan gyara, da kwanakin uzuri, zan kai su zaman da za mu yi da wakilan, kuma babur ɗina zai ci gaba da zama a hannuna tukuna. Saura abu guda da ban ji an taɓo ba: akwai wanda ya gama biyan nasa ya sa shi a kasuwa? Ina so in san ko ana samun mai sayen na hannu, musamman idan batirin ba na mai babur ba ne.