Karas a fangali mai tudu: wa ya gwada?

Wata uwa daga Wad Madani, a Sudan: Salamu alaikum 'yan'uwa. Bara na shuka karas a bayan gida, ganye ya yi kore shar, da na tona sai 'yan guntaye, wasu da ƙafa biyu kamar wando. Bana na ɗaga fangali da jan bulo. Wace tazara kuke bari?

Wani dattijo daga Maiurno: 'Yata, kafin tazara, duba ƙasa. Baƙin laka irin na yankinku na Jazira, in ya sha ruwa ya zama danƙo, in ya bushe ya tsage, karas ba ya iya huda shi. Ni yashin bakin kogi nake cakuɗawa da ƙasar, zurfin ya kai santimita 30, in tsince duwatsu tas. Kuma kada ki sa ɗanyen kashin awaki, shi ma yana sa saiwa ta rabu. Sai wanda ya ruɓe.

Wani matashi daga Kassala: Gaskiya ne Baba. Mu nan ƙasar bakin kogin Gash mai laushi ce, amma duk da haka na yi asara, don a Satumba na shuka, zafi ya hana irin fitowa. Yanzu sai Nuwamba. Ina gauraya irin da yashi don kada ya zube wuri ɗaya, in rufe shi sama-sama, kamar santimita 1, in shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a kai. Yakan kai mako biyu zuwa uku kafin ya tsiro, kada ki fid da rai.

Wata Hajiya daga Sinnar: Ƙanwata, ni tausayi ne ya cuce ni. Duk sun fito gwanin sha'awa, na kasa cire ko ɗaya, ƙarshe na girbi abu kamar tsinken sakace. Yanzu da sun kai tsawon yatsa nake rage su, yatsu uku tsakanin kowane biyu, wato santimita 5, layi da layi kuma santimita 20. Na taɓa dasa waɗanda na cire, duk suka karkace, yanzu akuya nake ba.

Uwar Wad Madani: Allah ya saka. To Hajiya, kan karas ɗina da ya yi kore fa?

Hajiyar Sinnar: Rana ce ta taɓa shi. Ki riƙa tura ƙasa kina rufewa, wajen wata uku ki zare ɗaya ki gani.